Aron Hotunan Zane Don Nuni a Gidan Tarihi: Yadda Ake Tsara Shi a Jos

Nunin hotunan mutane na zanen hannu, irin waɗanda mai zane ke fito da kamannin wani takamaiman mutum da fenti, kusan kullum da kayan aro ake haɗa shi. Irin wannan hoto tun asali ba don gidan tarihi ake yin sa ba. Ko dai sarki ya sa an zana shi, ko ma'aikata ta sa an zana tsohon shugabanta, ko 'ya'ya sun ɗauki ƙaramin hoton kyamara na mahaifinsu sun kai wa mai zane ya fito da shi babba. Shi ya sa hotunan suke a warwatse, wasu a fada, wasu a ofis ko ɗakin taron makaranta, wasu a falon gida, wasu kuma a jingine bayan kabad sun shekara da shekaru ba wanda ya kalle su. Mai son tara su a ɗaki ɗaya na wata biyu ko uku dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya roƙa, ya ɗauki alkawari, ya kuma cika.

Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, yau yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda doka ta 77 ta 1979 ta kafa. Abin da aka fi sanin sa da shi mutum-mutumin yumɓu na Nok ne, da tarin tukwane, da rubuce-rubucen Larabci na hannu, da kwaikwayon gine-ginen gargajiya irin su ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Duk da haka zane ba baƙo ba ne a wurin. A tsakiyar shekarun 1950 Fagg ya shirya nunin zane-zanen 'yan Nijeriya a nan, kuma cikin waɗanda suka taya shi aikin har da wani saurayi da ya tashi a Kafanchan, Uche Okeke, wanda daga baya ya zama jigo a ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958. A Jos ɗin ne kuma aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da tallafin UNESCO a 1963. Wato wuri da ma'aikata akwai su, hotunan ne sai an nemo.

Inda hotunan suke

Rukuni na farko na masu ba da aro hukumomi ne da jami'o'i. Cibiyar Zane-zane ta Ƙasa, wadda doka ta 86 ta 1993 ta kafa, ita ke riƙe da tarin zanen zamani na gwamnatin tarayya. Sashen koyar da zane na Zariya, wanda yanzu yake cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ya yaye masu zane tun shekarun 1950. A Legas akwai gidan zane na Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic, da aka buɗe a 2019. In ana son nunin ya taɓo tushen wannan sana'a a Nijeriya, wato ayyukan Aina Onabolu (1882 zuwa 1963), da Akinola Lasekan, da Ben Enwonwu (1917 zuwa 1994), irin waɗannan ƙofofi ake ƙwanƙwasawa, tare da attajiran da ke saye suna tarawa, da magadan masu zanen kansu.

Sai dai a Jos, dukiyar da ta fi yawa tana hannun fadoji, da makarantun mishan, da ƙungiyoyi, da gidajen mutane. A tsofaffin unguwannin da suka tashi da harkar kuza da fatauci, irin su Ali Kazaure, Gangare, Sarkin Arab, Garba Daho da Abba Na Shehu, hoton da za a samu a bangon falo yawanci ba na wani mai zane da ya yi suna ba ne. Aikin masu rubuta allon talla ne da masu yi wa manyan motoci ado, da fentin gida a kan filawud ko kwali mai tauri, an kwaikwayo daga hoton fasfo ko na dawowa daga Makka. Ba shi da farashi a kasuwar gwanjo, amma shi kaɗai ne, babu na biyu, kuma wani lokaci shi ne kaɗai abin da ya rage da ke nuna kamannin mutumin. Saboda haka duk ƙa'idar da za a bi wa hoton da ya fito daga babbar cibiya, ita za a bi wa wanda ya fito daga gidan tsohon direba. Gidan tarihin da ya rubuta yarjejeniya mai shafi biyar da attajiri, sannan ya ɗauki hoton talaka da fatar baki, ya ci amanar aikinsa.

Aikin farko shi ne jeri. Kowane hoto a buɗe masa kati: sunan wanda aka zana, sunan mai zane in an sani, shekara, irin fenti da abin da aka yi zanen a kai, tsawo da faɗi da firam da kuma ba firam, mai shi, da inda yake rataye, sannan hotonsa na kyamara gaba da baya. Wannan ya yi daidai da tsarin tantance kaya na Object ID da aka fitar a 1997, wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke kula da shi yanzu. A nemi fiye da adadin da ɗakin zai ɗauka, domin wasu za su ƙi, wasu kuma in an duba su za a ga ba su da lafiyar tafiya. Akwai kuma abin da ya keɓanci Jos. Gari ne na Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da sauransu, kuma ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010. Masu kallo za su lura da fuskar da aka rataye da wadda aka bari, da wanda aka ajiye kusa da wane. Yana da kyau jerin ya bi ta hannun kwamitin dattawa daga ɓangarori daban-daban kafin a aika takarda ko guda.

Wa ke da ikon bayarwa

Mafi yawan rigimar aro daga nan take tasowa. Wanda hoto ke ɗakinsa ba lallai shi ne mai shi ba. Hoton da ke rataye a ofis na ma'aikata ne, ba na wanda ke zaune a kujerar yau ba. A fada sai an bambance kayan sarauta da kayan iyalin sarkin da ya rasu. A gida kuwa, in maigidan ya rasu ba a raba gado ba, hoton na magada ne gaba ɗaya, maza da mata, kuma babban wa ba shi da ikon bayar da shi shi kaɗai. Abin yi shi ne magada su wakilta mutum guda a rubuce, shi ya sa hannu da yawunsu.

Ba a shiga gidan mutane da takarda a hannu. Ana fara neman wanda suke jin nauyi, mai unguwa ko limami ko wani dattijo, ya yi jagora. A gaisa, a yi wa mamaci addu'a, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum: "Ranka ya daɗe, alfarma muka zo nema, ta hoton Baba." In tsohuwar gidan tana raye, a nemi iso a gaishe da Hajiya, domin sau da yawa ita ce mai maganar ƙarshe ko da ba ita za ta sa hannu ba. Tambayoyin da za a ji ba sa wuce uku: yaushe za ku dawo da shi, in ya lalace fa, kuma gwamnati ba za ta riƙe shi ba? Kowacce a amsa ta dalla-dalla, a kuma nuna inda amsar take a rubuce. Wasu iyalai, saboda fahimtarsu ta addini game da hoton mai rai, ba sa son a kafe fuskar mahaifinsu a bainar jama'a. Wasu ba sa son a nuna hoton mace. In wanda aka zana yana raye, yardarsa ita ce gaba da ta kowa. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a tashi, kada a koma ta bayan gida a lallashi ƙaninsa.

Sai kuma asalin hoton: ta yaya ya zo hannun mai shi? Ƙa'idar aikin ICOM ta hana gidan tarihi nuna abin da asalinsa ke da shakka, kuma a garin da aka taɓa fasa gidaje ana kwasar kaya, wannan tambaya ba ta cika baki ba ce. Haka batun jabu. Tun da aka sayar da hoton Tutu na Enwonwu a gidan gwanjo na Bonhams a Landan a Fabrairun 2018 kan kusan fam miliyan 1.2, sa hannun manyan masu zane ya zama abin kwaɗayi. In masana ba su gamsu cewa aikin na wanda ake faɗa ba ne, a rubuta a ƙasan hoton cewa ana danganta shi da wane, kuma a sanar da mai shi wannan lafazi tun kafin ya sa hannu, don kada ya zo ranar buɗewa ya ga an rage wa kayansa daraja.

Takardar nema da rahoton wuri

Manyan cibiyoyi na buƙatar a nemi aro wata tara zuwa shekara kafin ranar buɗewa, na ƙasashen waje kuwa shekara guda ita ce mafi ƙaranci, domin kwamiti ne ke zama a kai. Iyalai wata uku zuwa shida ya isa, amma a bar sarari don tarurrukan dangi. Tun ran gini ran zane. Shugaban gidan tarihi ne ke rubuta wa shugaban cibiyar da ake nema a wurinta, kuma tunda na Jos ƙarƙashin hukuma yake, a nemi amincewar hedikwata a Abuja tun da wuri. Takardar ta faɗi sunan nunin da manufarsa, ranar buɗewa da rufewa, ranar ɗauka da mayarwa, takamaiman hoton da ake so, da dalilin da ya sa nunin ba zai cika ba sai da shi. Wannan dalili shi ke sa a bayar ko a hana. Ta kuma bayyana cewa mai karɓar aro ne zai biya kuɗin akwati, mota, inshora da ɗan rakiya.

Tare da takardar ake aika rahoton wuri, wato bayanin ginin kamar yadda yake: irin bango da rufi, tagogi da ƙofofi, masu gadi dare da rana, kyamarorin tsaro, abin kashe gobara, wutar lantarki da abin da ke maye gurbinta in an ɗauke. Kada a ƙawata. Duk mai ba da aro da ya san tarihi zai tuna cewa a Janairun 1987 ɓarayi sun shiga Gidan Tarihi na Jos sun kwashe wasu kayansa mafiya daraja, har da kan tagulla na Ife da ya ɓulla a Turai daga baya. Maganin wannan shakka shi ne a nuna tsaron da ake da shi yau, ƙofa bayan ƙofa, a kuma gayyaci mai shakka ya zo ya gani da idonsa.

Hunturu da damina

Babban abin da ke barazana ga hoton aro a Jos iska ce. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwan sama na zuba daga Afrilu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,400 a shekara. A Agusta laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuwa takan faɗo ƙasa da kashi 20, ga ƙura, ga sanyin dare. Hoton fentin mai kuma hawa-hawa ne: katakon da aka ɗame ƙyalle a kai, ƙyallen kansa, danƙon da aka shafa masa, farin shafe na ƙasa, fenti, sannan banish a sama. Kowane hawa da yadda yake shan laima da sakin ta. In iska ta bushe farat ɗaya, katako ya tsuke, danƙo ya ƙage, fenti ya tsattsage ya fara ɓamɓarewa. In laima ta daɗe sama da kashi 65 zuwa 70, fumfuna ta kama bayan ƙyalle, filawud ya kumbura ya rabu falle-falle.

Ma'aunin da manyan gidajen tarihi suka amince da shi don aro shi ne laima tsakanin kashi 40 da 60, kada ta motsa fiye da kashi 10 cikin awa 24, zafi kuma tsakanin digiri 16 da 25. Zafin ba matsala ba ne sosai a Jos, laimar ce aiki. Kafin a yi wa kowa alkawari, a ajiye ƙaramar na'urar auna laima da zafi mai ajiye lissafi a ɗakin nunin, in da hali shekara guda cur, a aika sakamakon yadda ya fito. Mai ba da aro ya fi yarda da lissafi mara daɗi na gaskiya a kan alkawarin da ba hujja.

Daga nan sai a yi wa kowane hoto hukunci gwargwadon inda ya fito. Wanda ya shekara hamsin a iskar Legas mai laima, kawo shi Jos a Janairu ganganci ne, sai dai in za a rufe shi cikin firam mai gilashi a gaba da allo a baya, a liƙe gefuna, a sa ƙwayoyin silika da aka daidaita su riƙe laimar ciki. Wanda ya fito daga Kano ko Zariya ya san hunturu, amma bai saba da doguwar daminar Filato ba. Shi kuwa wanda ya yi rayuwarsa a falon Ali Kazaure ya riga ya saba da juyin shekarar Jos, duk tsagewar da zai yi ya yi ta tuntuni. Abin da zai cuce shi shi ne a saka shi ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ke kamawa tana mutuwa da zuwa da ɗaukewar wuta. Ɗaki mai kaurin bango da rufaffun tagogi, wanda yanayinsa ke sauyawa a hankali, ya fi na'urar da ba ta da tabbas.

Haske kuma ana auna shi: fentin mai har zuwa lux 200, zanen takarda da fentin ruwa da tsofaffin hotunan kyamara da aka shafa wa launi kada su wuce lux 50. Hasken rana kai tsaye ba a yarda da shi ko kaɗan, kuma fitilun LED sun fi dacewa domin ba sa zafi sosai.

Yarjejeniya da inshora

Malaman Malikiyya sun daɗe da tsara hukuncin aro: abin da za a iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, wanda ya ara shi ne ke lamuni in ya salwanta, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Hoto yana cikin wannan rukuni, kuma yarjejeniyar gidan tarihi ta ma fi haka tsanani, domin mai karɓa na ɗaukar nauyi tun daga lokacin da aka cire hoton daga ƙusarsa har ya koma kanta. Masu inshora ma haka suke kiran wannan kariya, daga ƙusa zuwa ƙusa. Yarjejeniyar ta ƙunshi bayanin hoton, wa'adin aro, ƙimar da aka amince, yanayin ɗaki, yadda za a rubuta sunan mai shi ko a sakaya shi, da sharaɗin cewa ba za a goge, ko gyara, ko cire firam ba sai da izini a rubuce. Ta faɗi ƙarara cewa aro ba ya mayar da mallaka, kuma mai shi na iya janye kayansa in aka saɓa sharaɗi. Wanda ba ya karanta Turanci a ba shi kwafin Hausa, da boko ko da ajami, a karanta masa gaban shaidu biyu.

Ƙima ita ce wurin taka-tsantsan. Mai kaya ne ke faɗa, gidan tarihi ya duba ko ta yi daidai da abin da irin aikin ke kawowa, sannan kamfanin inshora ya amince da adadin a rubuce, don kada a tsaya ciniki bayan asara. Tunda darajar naira na iya sauka sosai cikin 'yan watanni, kamar yadda aka gani daga 2023, aron da zai daɗe a sa masa sharaɗin sake duba ƙima. A karanta abubuwan da inshorar ta cire, musamman tarzoma da ta'addanci, domin yawanci sai an saye su daban, kuma a Jos ba a tsallake su. Iyalin da ke ƙyamar inshorar da aka saba, akwai tsarin takaful. Hoton gida da ba shi da farashin kasuwa shi ma a yanka masa adadi, a kuma ɗauki hotonsa mai inganci a ba iyalin kwafi, ko da yake kowa ya san kuɗi ba za su maye shi ba.

Mallakar hoto daban, haƙƙin buga shi daban. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, haƙƙin aikin zane na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai zanen. Ke nan ayyukan Onabolu na cikin kariya har ƙarshen 2033, na Enwonwu har ƙarshen 2064. Kafin a buga hoto a kundin nuni ko fosta ko a sa shi a intanet, a nemi izinin mai zane ko magadansa, ƙari a kan na mai hoton. In kuma nunin zai fita ƙasar waje, dokar NCMM na ɗaukar aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi da ba ya fita sai da izini, kuma ko sabon zane ne gara a riƙe takardar hukumar saboda kwastan.

Duba lafiyar hoto

Ana duba hoto sau huɗu: kafin a ɗaure shi a gidan mai shi, bayan an kwance shi a gidan tarihi, kafin a sake ɗaurewa, da bayan ya koma. A kowane zango mutum biyu ke sa hannu, wakilin mai kaya da na mai karɓa. A shimfiɗa bargo mai tsabta a kan tebur, a sa safar hannu, a kwantar da hoton. A fara da hasken ɗaki, sannan a rage shi, a riƙe tocila daga gefe kusan daidai da fuskar fentin. A wannan kwantaccen haske ne abin da ido bai gani ba ke fitowa: ɗan ɓawon fenti da ya ɗaga baki a gefen rawani, lotsawar da kujera ta yi daga baya, layin da katakon ciki ya zana a ƙyalle, kashin ƙuda a kan banish. Kowanne a yi masa alama a kan kwafin hoton da aka buga a takarda, a rubuta girmansa da milimita. Sai a juya baya, a duba kusurwoyi ko akwai garin katako, alamar gara ko ƙwaro, a duba tabon ruwa, tsatsar ƙusa, da rubutu ko tambarin da ke iya faɗin shekara da sunan mai zane. Hoton da ke da ƙwaro mai rai ba ya shiga ɗaki ɗaya da sauran sai an keɓe shi an yi maganinsa. Wanda fentinsa ke zuba ba ya hawa mota sai ƙwararre ya kafe shi, da izinin mai shi. Kada kowa ya kai masa tsumma da ruwa da sunan taimako.

Ɗauri da hanya

Ba a ɗora ledar kumfa kai tsaye a kan fenti, domin tana barin tabo. A sa wa firam kariyar kusurwa, a rufe fuskar da allon kwali ba tare da ya taɓa fentin ba, a naɗe da leda a liƙe don ƙura da laima, sannan a saka cikin akwatin katako da kafinta ya yi daidai girman hoton, da soso mai kauri a ciki. Murfi da sukurori ake rufe shi, ba a buga guduma kusa da hoto. In akwai gilashi a manna masa tef, don ko ya fashe kada ya yanki zanen. Zanen gawayi da na alli mai launi a kwance suke tafiya, fuska sama. Na fentin mai a tsaye, a ɗaure da jikin mota, a jere da tsawonta yadda birki ba zai jijjiga ƙyallen ba.

Mota ta zama rufaffiya, mai lafiya, ba ta ɗauke da wani kaya. Ko ta Saminaka aka biyo daga Zariya, ko ta Akwanga da Hawan Kibo daga Abuja, a tashi da sassafe a isa da rana, ba a tafiyar dare, ba a barin mota ba kowa, ba a kuma shelanta ranar tafiya. Ɗan rakiya ya riƙe takardar hukuma da hoton abin da ke cikin kowane akwati, don ya nuna a shingen bincike maimakon a buɗe akwati a bakin titi cikin ƙura. Ko daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang aka ɗauko, ko daga unguwar da ba ta fi tafiyar minti goma ba, ƙa'idar ɗaya ce. Ba a rungumo hoto a Keke Napep don wai kusa ne. In an iso, akwati ya kwana awa 24 a rufe cikin ɗakin nunin kafin a buɗe, don abin da ke ciki ya saba da iskar wurin sannu a hankali.

Ratayewa da mayarwa

A gama fentin bango aƙalla mako biyu kafin hotuna su shigo. Kowane hoto da maƙalai biyu ake rataye shi, ƙanana kuma a ɗaure su da sukurorin tsaro, tsakiyar hoton kimanin santimita 150 daga ƙasa, ba a bangon da ke jiƙa da damina ba, da igiya ko alamar da za ta tsayar da mai kallo kamar mita guda. Kullum safe ma'aikaci ya zaga da jeri yana ƙirgawa yana duba na'urar laima. In wani abu ya faru, ko ƙarzanewa ce kaɗan, a ɗauki hoto, a rubuta, a kira mai shi a ranar, kada a taɓa wurin. A gayyaci masu ba da aro bikin buɗewa, a ba kowa kundin nunin, a kuma tabbatar an rubuta sunan wanda aka zana da laƙabinsa yadda iyalinsa suka faɗa.

In ana son ƙara wa'adi, a nema a rubuce kafin na farko ya cika, a kuma tsawaita inshora. Ranar mayarwa a yi amfani da akwatin da hoton ya zo ciki, a kai shi hannun wanda ya sa hannu a yarjejeniya ko wakilinsa na rubuce, ba duk wanda aka tarar a zaure ba. A buɗe gabansa, a gwada da rahoton farko layi bayan layi, a mayar da hoton bangonsa in yana so, sannan ya sa hannu a takardar karɓa. Ba a soke inshora, ba a kuma rufe fayil, sai wannan takarda ta iso hannun jami'in rajista na gidan tarihi.